Taki Kaɗan a Gona Mai Faɗi: Sharhi Kan Rage wa Yaro Magani

  Gaisuwa ta musamman ga mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, na gida da waɗanda rashin tsaro ya sa suka koma Funtuwa ko Malumfashi ko Katsina suna jiran ranar komawa. Allah ya dawo mana da zaman lafiya.

Yau da gona zan fara, domin ita ce maganar da kowa ke ganewa a ƙasarmu. Manomin masara a Daudawa ko Damari ya san abin da ke faruwa idan gonar da ke cin buhu huɗu na taki aka barbaɗa mata buhu ɗaya. Masara za ta tsiro, ta yi kara, wanda ya hango daga bakin hanya ya ce gona ta yi kyau. Amma ganye zai koma ruwan ɗorawa, goyo ya fito ƙanana, ranar girbi a tashi da abin da bai mayar da kuɗin huɗa ba. Takin nan bai ƙona gonar ba, bai kuma lalata ƙasar ba. Damina ce aka yi asara, ita kuwa idan ta wuce babu mai kiranta ta dawo.

Haka lamarin yake ga wani rukunin yara da ke cikin gidajenmu, waɗanda muka yi wa sunaye iri-iri. Mai ƙiriniya, mai rawar kai, mai kunnen ƙashi, wanda ba shi da kan gado. A aike shi sayen gishiri ya dawo da ashana, ko ya manta da aiken gaba ɗaya ya tsaya kallon masu faci. A makarantar allo shi ne bulala ta fi sani, a ta boko kuma shi ne malam ke cewa yana da ƙwaƙwalwa amma ba ya zama wuri ɗaya. Yawancin yara masu ƙiriniya lafiyarsu ƙalau, yarinta ce, za su girma su natsu. Amma a cikinsu akwai waɗanda abin nasu lalura ce ta ƙwaƙwalwa, wadda likitoci ke kira ADHD a taƙaice, wato lalurar kasa tattara hankali da kasa riƙe jiki. Binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna kimanin yara 5 cikin kowane 100 suna da ita. A ajin da ke da yara 80, irin azuzuwanmu, ana maganar yara kamar 4 ke nan.

Ba sabon abu ba ne. Tun 1902 wani likitan yara a Landan mai suna George Still ya yi bayanin irin waɗannan yara. A 1937 wani likita a Amurka, Charles Bradley, ya lura da abin mamaki: maganin da ke zaburar da ƙwaƙwalwa, wanda kowa zai zaci ƙara wa yaro rawar kai zai yi, sai ga shi yana zaunar da su su yi karatu. A 1944 aka haɗa maganin da ya fi shahara a wannan fanni a ƙasar Suwizalan, sunansa metilfenidet, wanda aka fi sani da Ritalin. Yadda yake aiki kuwa, a gaban ƙwaƙwalwa akwai sashen da ke riƙe linzami, shi ke cewa dakata, saurara, gama wannan kafin ka kama wancan. A wurin waɗannan yara saƙon da ke zuwa sashen yana da rauni. Maganin yana ƙarfafa saƙon ne, sai mai riƙe da linzamin ya farka. Wato doki yana nan da ƙarfinsa, mahayin ne aka tasa daga gyangyaɗi.

Abin da ya kawo ni wannan magana a gidanmu ya faru. Ɗan ƙanwata ne, a lokacin yana da shekara tara. An yi duka, an yi faɗa, an yi rubutu an sha, an kai shi wurin masu ruƙiyya. Daga ƙarshe wani malamin asibiti, Allah ya saka masa da alheri, ya ce a gwada kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwar yara a wani babban asibiti a birni. Likitan bai yi gaggawa ba. Ya tambayi uwa, ya tambayi uba, ya nemi takarda daga malamin ajinsu, ya duba ji da gani, ya auna nauyi da tsawo da bugun jini. Sai a zuwa na uku ya rubuta magani, 'yar ƙwaya ƙarama, ɗaya da safe ɗaya da rana, ya ce a dawo bayan wata ɗaya a ga ko awon ya isa ko sai an ƙara.

A cikin wannan wata, yaron da bai taɓa cika shafi guda da rubutu ba ya zo wa uwarsa da littafi ya nuna mata. Ta yi kuka. To amma komawa asibiti ba ta yiwu ba. Hanya ta yi zafi a lokacin, kuɗin mota ya hau, maganin kuma ba irin wanda ake samu a kemis ɗin unguwa ba ne. Aka samu wani ya karɓo musu sau ɗaya, sai ƙanwata ta yi dabarar da kowace uwa mai tattali za ta yi. Ta riƙa raba ƙwayar biyu. Daga baya ta bar ta rana. Daga baya kuma sai ranar da ake jarrabawa kawai. Ba ta gaya wa kowa ba. Yaro ya koma gidan jiya, uban ya ce ai ga shi nan, maganin ma ba ya aiki, kuɗi kawai ake zubarwa. Aka rufe maganar. Da na gano abin da ya faru bayan shekara biyu na tambaye ta dalili, sai ta sunkuyar da kai ta ce, “Yaya, na ga da babu gara ba daɗi.”

Ban ga laifinta ba, kuma har yau ban gani ba. Karin maganar da ta kawo gaskiya ce a wurin tuwo da sutura. Amma a wurin magani tana iya zama tarko, domin kowane magani yana da matakin da sai ya kai shi a jini kafin ya fara aiki. Ƙasa da wannan mataki, sau da yawa an sha wahalar saye da ta haɗiya, amfanin kuwa bai taka kara ya karya ba. Abin da ƙanwata ba ta sani ba shi ne, awon da likita ya fara da shi dama mafi ƙanƙanta ne, na gwaji. Da gangan likitoci ke farawa daga ƙasa, su riƙa ƙarawa sannu a hankali har a kai inda yaro ya natsu ba tare da ya daina cin abinci ko barci ba. Wannan awon ya bambanta daga yaro zuwa yaro, ba girman jiki kaɗai ke yanke shi ba. Ita kuwa awon farawar ne ta raba biyu.

A nan nake so mu natsu, domin akwai tambayar da iyaye ke yi: shin shan ƙasa da ƙa'ida yana lalata ƙwaƙwalwa ne, ko yana barin wata guba a jiki? Amsar ita ce a'a. Wannan magani ba ya daɗewa a jiki. Mai gajeren zango yana aiki kamar awa 3 zuwa 4 ya fita, mai dogon zango kuma awa 8 zuwa 12. Rage shi ba ya ƙona komai. Illar mai ɗorewa daga lalurar take zuwa, wadda aka bari tana cin karenta babu babbaka alhali kowa yana zaton ana maganinta. Irin asarar manomin nan ce, asarar damina.

Damina ta farko ita ce karatu. Shekarun da yaro ke koyon haɗa baƙi da lissafi ƙidayayyu ne. Wanda ya wuce aji uku da huɗu bai iya karatu ba, duk abin da aka ɗora masa daga baya a kan rairayi aka ɗora. Ko an gyara masa magani yana shekara sha uku, hankalinsa zai dawo aji, amma darasin da aka yi babu shi ba zai dawo da kansa ba.

Ta biyu ita ce yadda yaro ke kallon kansa. Yaron da ake ce wa daƙiƙi da safe, shashasha da rana, ɗan banza da dare, wata rana zai yarda. Mafi ciwo kuma shi ne wanda ya san ana ba shi magani amma ya ga bai canja ba. Sai ya yanke wa kansa hukunci cewa shi nasa ya fi ƙarfin magani. Daga nan baƙin ciki da fargaba da saurin fushi ke samun wurin zama, kuma suna iya bin mutum har girma, har cikin aurensa da sana'arsa.

Ta uku ita ce lafiyar jiki da rai. Wanda ba ya iya dakatawa ya yi tunani shi ke tsallaka titi bai duba ba, shi ke hawa babur ya murɗe totur. A ƙasar Denmak an bi bayanan mutane kusan miliyan 2, aka wallafa sakamakon a 2015: masu wannan lalura sun ninka sauran mutane haɗarin mutuwa da wuri, mafi yawa ta hanyar haɗurra. A Suwidin kuma, wani bincike na 2012 a kan mutane fiye da 25,000 masu lalurar ya gano cewa a lokutan da suke kan magani, faɗawarsu cikin aikata laifi ta ragu da kashi 32 cikin 100 ga maza, kashi 41 ga mata.

Ta huɗu, wadda ba a cika lura da ita ba, ita ce asarar amana. Da zarar gida ya yanke cewa maganin asibiti ba ya aiki, ƙofar ta rufe ke nan, ba ga wannan yaro kaɗai ba, har ga ɗan maƙwabta da za a ba labari. Shi ma likita ana ɓatar da shi. Idan aka koma aka ce masa ana sha yadda ya ce amma babu sauƙi, zai iya ninka awo, ko ya canja magani, ko ya fara shakkar abin da ya gano tun farko, alhali matsalar tana cikin wuƙar da ake raba ƙwaya da ita.

Akwai wani babban bincike da ya taɓa wannan batu kai tsaye. An yi shi a Amurka da Kanada a kan yara 579 masu shekara 7 zuwa 9, aka bi su wata 14, aka fitar da sakamako a 1999. Wasu yaran an daidaita musu awo a tsanake, likita yana ganinsu duk wata, yana jin ta bakin iyaye da malamai. Wasu kuma an bar su da kulawar da aka saba, inda da yawansu magani iri ɗaya suke sha, amma awo ƙasa da na waɗancan, ganin likita kuma jefi-jefi. Na farkon sun fi samun sauƙi ƙwarai. Sai dai ga darasi na biyu: bayan an gama binciken kowa ya koma kulawar da aka saba, cikin 'yan shekaru tazarar da ke tsakaninsu ta dusashe. Wannan ya nuna ƙwaya ita kaɗai ba ta isa ba. Bibiya ita ce rabin maganin.

To, masu sauraro, ina bibiya ga mutumin Sabuwa? Mu faɗa wa kanmu gaskiya. A yankinmu, ƙarancin maganin da yawancin waɗannan yara ke fama da shi ya kai matuƙa, domin ba a taɓa duba su ba ballantana a rubuta musu wani abu. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya duka ba su kai 300 ba, ga mutane fiye da miliyan 200, masu ƙwarewa a kan yara kuwa 'yan ƙalilan ne a cikinsu. Wanda ke Maigora ko Dugun Mu'azu ko 'Yargoje, idan yana neman irin wannan likita, sai ya kama hanyar Katsina, ko Shika a Zariya, ko Barnawa a Kaduna, ko Kano, ko Kware a Sakkwato. Kowa ya san abin da bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ko ta Dandume zuwa Sabuwa, ya zama a shekarun nan. A watan Satumba na 2021 ma an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ta yadda ko kiran likita ba ya yiwuwa. Daga 2023 kuma, bayan cire tallafin mai da faɗuwar darajar naira, kuɗin mota da na magani suka yi tashin gwauron zabi.

Shi kansa maganin a ɗaure yake da doka. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa shi cikin magungunan da ake sa wa ido sosai saboda ana iya karkatar da su, a nan gida kuma hukumar NAFDAC ce ke kula da shigo da shi. Wannan daidai ne. Amma sakamakonsa shi ne ba ya samuwa sai a manyan wurare, kuma yakan yanke. Ko Amurka da arzikinta ta shiga ƙarancin irin waɗannan magunguna daga watan Oktoba na 2022, iyaye suka riƙa yawo daga shago zuwa shago.

Abin baƙin ciki, inda ƙwayar likita ta kasa zuwa, ƙwayar titi ta riga ta isa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rahoton binciken shan miyagun ƙwayoyi na ƙasa na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da su a Nijeriya, kimanin miliyan 3 daga ciki a Arewa maso Yamma suke. A watan Mayu na shekarar ne gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Tiramol da wiwi da sholisho da gadagi kuwa ba sai an yi tafiya ba. Matashin da kansa ke ta kai-kawo tun yana yaro, bai taɓa sanin natsuwa ba, ranar da aboki ya miƙa masa abin da ya kwantar masa da hayaniyar nan na awa biyu, ya samu abin da zai riƙe. Likitoci sun daɗe da sanin cewa masu wannan lalura sun fi sauran matasa haɗarin faɗawa shaye-shaye. A yankin da daji ke neman matasan da suka bar makaranta suka yanke ƙauna da kansu, wannan magana ta wuce ta gida ɗaya.

Na san tsoron da ke zukatan iyaye, domin na ji shi a gidanmu. Suna cewa, mu da muke yaƙi da ƙwaya, yaya za mu ɗora ɗanmu a kan ƙwaya? Wannan tsoro ne mai tushe, kuma shi ke sa wasu rage awo ko da suna da kuɗin saye. Amma binciken da aka yi shekara da shekaru bai nuna cewa shan wannan magani bisa ƙa'idar likita yana ƙara haɗarin zama ɗan ƙwaya ba. Wuƙar da mahauci ke aiki da ita, ita ce ɗan ta'adda ke ɗauka, bambancin yana ga hannun da ya riƙe da kuma niyya. Ba kuma zan ɓoye muku ba, maganin yana da nasa matsaloli. Yana rage cin abinci, yana iya hana barci idan aka sha da yamma, yana kawo ciwon kai ko na ciki, yana ɗan ɗaga bugun zuciya, kuma shan sa shekaru yana iya ɗan rage saurin tsawo. Shi ya sa ake auna yaro a kowane zuwa. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2019 da 2021, ba ta amince ta sa shi cikin jerin magungunan dole ba, ta ce tana son ƙarin hujja a kan amfaninsa na dogon lokaci. Saboda haka ba alewa ba ce. Duk waɗannan matsaloli dalili ne na komawa wurin likita, domin yana da hanyoyi: ya canja lokacin sha, ya sa a ci abinci kafin a sha, ya rage da saninsa, ya ba da hutu lokacin hutun makaranta, ko ya canja wani maganin. Ragin da likita ya yi yana cikin lissafi. Wanda aka yi a ɓoye shi ne ke ɓatar da kowa.

Wani gargaɗi kuma, kada wani ya ji wannan sharhi ya nufi kemis neman maganin natsuwa. Ba duk yaron da ya kasa tattara hankali ke da wannan lalura ba, musamman a ƙasarmu. Yunwa tana hana natsuwa. Ƙarancin jini da rashin barci da toshewar kunne suna hanawa. Akwai nau'in farfaɗiya da yaro ke ɗauke wuta na 'yan daƙiƙu ba tare da ya faɗi ba, a zaci shagala ce. Gubar dalma, wadda ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinari na maƙwabciyarmu Zamfara a 2010, tana barin waɗanda suka rayu da raunin hankali. Sai kuma firgici. Daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. Duniya ta ji wannan. Amma yara nawa ne a ƙauyukan Faskari da Sabuwa suka kwana a gona ko cikin rafi suna jin harbi, babu wanda ya rubuta sunansu? Yaron da ya ga irin wannan, idan ya kasa zama a aji ko ya zabura da an buga ƙofa, ciwonsa daban ne, maganinsa ma daban. Lalurar da muke magana a kai tana bayyana tun kafin shekara 12, tana wuce wata 6, ana ganinta a gida da makaranta duka. A wurin 'yan mata kuma sau da yawa babu ƙiriniya, shiru ne da tafiyar tunani, sai a ce sakarci ne. Mai rarrabe waɗannan duka sai wanda ya karanci abin.

Wannan ɗabi'a ta raba ƙwaya ba ta tsaya nan ba, kuma a wasu cututtukan haɗarinta ya fi gaggawa. Mai farfaɗiya da ya rage magani ko ya yanke shi kwatsam yana iya faɗuwa cikin wuta ko rijiya. Mai tarin fuka da ya bar magani kafin wata 6 yana koya wa ƙwayar cutar jure magani. Maganin zazzaɓin cizon sauro na kwana 3 da ake sha kwana ɗaya a ajiye saura don ƙane, shi ma haka. Mai hawan jini da ke sha sai ranar da kai ya sara, shanyewar ɓarin jiki ba ta sallama. Talauci ne ke jawo mafi yawan wannan, na sani. Amma rashin sani yana taya shi, shi kuwa wannan muna iya yaƙarsa yau.

Ga iyaye, roƙona ɗaya ne: ku faɗa wa likita gaskiya. Idan kuɗi ne babu, ku ce babu. Idan hanya ce, ku ce hanya ce. Idan tsoro ne, ku ce kuna tsoro. Matambayi ba ya ɓata. Ku ajiye maganin inda babba kaɗai ke kaiwa, kada a ba wani yaro, kada a sayar. Kuma ko da magani ko babu, akwai abin da ke hannunku: aike ɗaya a lokaci ɗaya, a kalli idon yaro a faɗa masa a taƙaice, lokacin barci da na tashi su zama sanannu, a yaba masa nan take idan ya yi daidai. Ga ƙananan yara ma da irin wannan horo likitoci ke farawa kafin a yi zancen ƙwaya.

Ga malamanmu na allo da na boko, ku ne idon likita a inda ba ya gani. Ku zaunar da irin wannan yaro a gaba, ku gutsura masa aiki kaɗan-kaɗan, ku aike shi goge allo ko ɗebo ruwa idan zama ya gagare shi. Bulala ba ta taɓa gyara wannan lalura ba. Mun ga inda tsanani ke kaiwa a 2019, lokacin da aka buɗe gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura aka fito da mutane da sarƙa a ƙafa. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba ƙinsu suke yi ba, rasa wurin zuwa suka yi.

Ga hukuma kuwa, a watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Doka a takarda ba ta warkar da kowa sai ta sauko asibitin gunduma. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko su gane irin waɗannan lalurori su kuma san lokacin turawa gaba. A horar da namu. A sa rana ko sau ɗaya a wata da likitan ƙwaƙwalwa zai zauna a babban asibitin Funtuwa da na Malumfashi da na Ƙanƙara, domin mutumin Faskari da Sabuwa ya je ya dawo a yini ɗaya. A bar awon nauyi da bugun jini a asibitin kusa, a riƙa tuntuɓar likita ta waya. A sa magungunan ƙwaƙwalwa cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha. Wanda ya rage wa uwa tafiya da kuɗi, ya cire mata dalilin ɗaukar wuƙa ta raba ƙwaya.

Ɗan ƙanwata ya koma asibiti daga baya. Likitan bai yi mata faɗa ba, ya saurare ta, ya sake farawa daga ƙasa, ya tsara musu zuwa da tazara yadda za su iya. Yau yaron yana karatu, yana kuma koyon gyaran waya da yamma, mai gidansa yana yabon hannunsa. Sai dai aji ɗaya yake da ƙaninsa da ya girma da shekara biyu, kuma har yanzu idan aka ce ya tashi ya karanta a gaban jama'a sai jikinsa ya ɗauki rawa, domin muryoyin da suka kira shi daƙiƙi ba su gama fita daga kunnensa ba. Wannan shi ne abin da rabin ƙwaya ya bar mana. Mun gode wa Allah da ya sa aka farga da sauran shuka a gona.

Mai sauraro, idan akwai irin wannan yaro a gidanku, ko akwai maganin da ake gutsurawa a ɓoye don ya kai ƙarshen wata, kada a jira wata damina. A tashi a je a yi magana da ma'aikacin lafiya mafi kusa, a faɗa masa yadda abin yake.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kawo mana ƙarshen wannan fitina a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da ƙasa baki ɗaya.